Muna Kukan Fetur, Dizal Na Cin Mu A Ɓoye

A bakin layinmu akwai wani dattijo mai injin niƙa, wanda tun ina ɗan firamare ake aike na wurinsa da ƙwaryar dawa ko ta masara. Injinsa irin na da ne, mai ƙugi da hayaƙi, wanda sai an murɗa shi da hannu kafin ya tashi, kuma gas yake sha, wato man da mu 'yan rubutu muka fi kira dizal. A makon da aka cire tallafin fetur, ƙarshen watan Mayun 2023, lokacin da gidajen mai suka ja ƙofofinsu, 'yan bumburutu suka cika bakin titi da jarkoki, na biya ta wurinsa ina ta zuba ƙorafi yana saurare. Da na gama, sai ya kaɗe garin da ke gemunsa ya ce, "Malam, sannunku da zuwa. Ai mu mun daɗe a nan."

Na yi dariya na wuce. Sai daga baya, da na zauna ina bin lissafin farashin mai na shekarun nan, na gane cewa Baba mai niƙa ya faɗi abin da masana da yawa suka kasa faɗa mana a taƙaice. Halin da fetur ya shiga a 2023, dizal ya shige shi tun zamanin mulkin Obasanjo, lokacin da gwamnati ta zare hannunta daga farashinsa ta bar shi ga kasuwa. Kusan shekara ashirin ke nan gemun ɗan'uwa yana ci da wuta a gabanmu, ba mu shafa wa namu ruwa ba. Har yau ɗin nan, idan aka ce "farashin mai", fetur kowa yake nufi, alhali a nan Arewa dizal ne ya fi shiga tukunyar talaka, ko da bai taɓa mallakar ko keke ba.

Dalilin da ya sa idonmu ya kafe a kan fetur a fili yake. Tsawon shekaru, farashinsa magana ce ta siyasa, da alƙalami ake rubuta shi a ofis, a sanar da shi a rediyo. Dattawa za su tuna 1994, lokacin da Janar Abacha ya kai lita naira 15, aka yi ca, ya dawo da ita naira 11, ya kuma kafa asusun PTF da rarar da aka samu, ya ɗora Janar Buhari a kansa. Obasanjo ya yi ta ƙari ana ta yajin aiki, har ya bar ta a naira 75 a 2007, marigayi 'Yar'aduwa ya zo ya mayar da ita 65. Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cak, a Kano har da asarar rayuka, bayan mako biyu aka tsaya a kan 97. A farkon 2015 aka rage ta zuwa 87. A watan Mayun 2016 gwamnatin Buhari ta kai ta 145, sannan a 2020, da cutar korona ta karya farashin ɗanyen mai a duniya, ta sauko da ita 125. Duk wanda ya tashi cikin wannan yanayi dole ya ɗauka cewa farashin fetur yana hannun shugaban ƙasa: in ya ga dama ya tausaya, in ya ga dama ya matsa, in kuma an taru an yi masa ihu ya sassauta.

A lokacin akwai gaskiya a wannan tunani, domin gwamnati ce ke cike giɓin da ke tsakanin kuɗin da aka sayo man daga waje da wanda ake sayar mana. A 2022 kaɗai, kamfanin NNPC ya ce wannan ciko ya lashe fiye da naira tiriliyan huɗu. Kuma mu da muke kusa da iyaka mun san cewa ba duk man ne ya ƙone a cikin Najeriya ba. Wanda ya san hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko Illela zuwa Ƙonni, ko Mubi zuwa Kamaru, ya ga motocin da aka ƙara wa tanki da baburan da aka yi wa lodin jarkoki. Abin ya kai har a 2019 hukumar Kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, matakin da ya fi wahalar da mutanen garuruwan fiye da 'yan fasa-ƙwaurin.

Duk wannan hayaniya ba ta shafi dizal ba. Ba a taɓa rufe kasuwa ko a ƙona taya saboda shi ba. Amma mai karatu ya dubi abin da ya faru da shi a 2022. A watan Janairun shekarar, lita ba ta kai naira 300 ba. A Janairun da ya biyo baya ta haura 800. Babu shugaban da ya fito a talabijin ya sanar da ƙari, babu ministan da ya sa hannu a takarda. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 Rasha ta auka wa Yukiren, gangar ɗanyen mai ta haura dala 120, kuma dizal ya fi ɗanyen man kansa tashi, saboda Turai ta daɗe tana dogaro da Rasha wajen samun kaso mai yawa na dizal ɗin da take sha. Da Turawa suka juya wa na Rasha baya, sai suka shiga kasuwar da mu ma muke saye a cikinta, suka fi mu ƙarfin aljihu. Ga shi kuma dizal da kananzir da man jirgin sama 'yan ɗaki ɗaya ne a matata, daga sashe guda na gangar ake fitar da su, don haka idan jirage suka yawaita tashi, ko sanyi ya tsananta a ƙasashen da ke ɗumama gida da mai, sai Baba mai niƙa ya ji a jikinsa. Shi bai san inda Yukiren take ba, amma ya ƙara kuɗin niƙan tiya sau uku a shekarar, matan unguwa suna ta yi masa tsegumin ya cika son kuɗi.

To, wannan kasuwar ce aka tura fetur cikinta ranar 29 ga Mayun 2023, sa'ad da Shugaba Tinubu ya shelanta a jawabinsa na rantsuwa cewa tallafi ya ƙare. Kafin ranar, farashin hukuma yana tsakanin naira 185 zuwa 195. Cikin kwana biyu gidajen man NNPC suka koma 488 a Legas, 537 a Abuja, 557 a Maiduguri. A watan Yuli ya zama 617 a Abuja. A farkon Satumbar 2024 ya kai 897, a Oktoba ya tsallake 1,000.

A nan nake so ɗalibai musamman su tsaya su yi lissafi tare da ni, domin a nan ne mafi yawan muhawararmu ke ɓata hanya. A watan Mayun 2023 gangar ɗanyen mai tana wajen dala 75. A watan Oktoban 2024 ma tana wajen dala 75. Ɗanyen mai bai motsa ba, amma lita ta ninka. Me ya motsa? Naira ce. Ranar 14 ga Yunin 2023, mako biyu bayan cire tallafi, Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta koma sama da 700 cikin 'yan kwanaki, zuwa Fabrairun 2024 ta kai 1,500. Ganga ɗaya lita 159 ce. Idan ana sayar da ita dala 80, kowace lita ta tashi kimanin rabin dala, tun kafin a tace ta, a yi dakonta, a biya kuɗin tashar ruwa da na banki, dillali da mai gidan mai su ɗora ribarsu. Rabin dala a canjin 460 naira 230 ne. Rabin dalar nan dai a canjin 1,500 naira 750 ne. Fiye da naira 500 ke nan aka ƙara a kan kowace lita ba tare da ɗanyen mai ya ƙara ko sisin kwabo a kasuwar duniya ba. Cire tallafi ya ɗauke mu daga 190 zuwa 500 da wani abu. Daga can zuwa 1,000, faɗuwar naira ce ta kai mu. Shi ya sa nake ganin wanda ke son sanin inda farashin mai ya dosa gara ya tambayi 'yan canji na Wapa kafin ya tambayi mai gidan mai.

Dizal, da yake babu mai tare masa, shi ya fara nuna wannan. A farkon 2024, da naira ta yi mummunar faɗuwa, litarsa ta haura naira 1,500 a garuruwa da dama. Fetur kuwa ya yi shiru a kan ɗari shida da wani abu fiye da shekara guda, abin da ya saba wa lissafi. Ruwa ba ya tsami banza. Gwamnati na cewa babu tallafi, amma NNPC, wanda shi kaɗai ya rage yana shigo da fetur, yana sayar da shi ƙasa da yadda ya sayo, har a farkon Satumbar 2024 ya fito ya amsa cewa bashin masu kawo masa mai ya yi masa nauyi. Kwana biyu bayan nan farashi ya tashi. Wanda yake kallon allon dizal a gidan mai ya san za a yi haka tun watanni kafin a yi.

Na san tambayar da ke bakin mai karatu, don ni ma na sha yin ta: mu da Allah ya ba ɗanyen mai a ƙasarmu, ina ruwanmu da dala? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ba ta da daɗi. Ɗanyen mai haja ce ta duniya, da dala ake yi masa kuɗi ko a ina aka haƙo shi. Duk gangar da aka sayar a gida ƙasa da farashin duniya, wani ne ya yi asarar bambancin, kuma asusun tarayya ne wannan wanin. Tallafi ne ya dawo da wata riga. An sa rai sosai a kan matatar Ɗangote da ke Lekki a Legas, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, kuma ta yi tasiri. Da ta fara sayar da dizal a watan Afrilun 2024 a kan naira 1,200, sannan ta rage zuwa 1,000, masu shigo da shi daga waje sun bi ta dole. Ta fara fitar da fetur ranar 15 ga Satumbar 2024, kuma daga 1 ga Oktoba aka soma tsarin sayar mata da ɗanyen mai da naira. Sai dai a lura, biya ne ake yi da naira, amma kimar gangar ta kasuwar duniya ce, a juya ta bisa canjin ranar. Abin da matata a gida ke rage mana shi ne kuɗin jirgin ruwa da inshora da neman dala ido rufe. Ba ta raba mu da farashin gangar, ba ta kuma raba mu da darajar naira.

Shekarar 2025 ta tabbatar da haka. Da naira ta ɗan natsu, ɗanyen mai ya sauko, gasa ta kaure tsakanin matatar da NNPC da masu shigowa da mai, lita ta sauko ƙasa da 900 a wurare da yawa. A watan Maris, da aka samu tsaiko a tsarin ɗanyen mai da naira, ta sake hawa. A watan Yuni, da Isra'ila da Iran suka yi yaƙin kwana goma sha biyu, ta sake motsawa. Irin rayuwar da masu dizal suka saba da ita ke nan, yau sama gobe ƙasa. Abin da ban ga ya sauko ba shi ne kuɗin mota. Mai gidan mai yana da uzurin cewa man da ke rijiyarsa da tsada ya sayo shi, sai ya ƙare zai rage. Na karɓi wannan, kodayake ban taɓa ganin ya jira tsohon mai araha ya ƙare ba kafin ya ƙara. Amma direban tasha da ɗan A-daidaita-sahu, in suka hau ba sa saukowa, kuma in ka yi magana su lissafa maka taya da baƙin mai da kayan gyara, waɗanda su ma dala ce ke kaɗa su. Kullum zancen naira yake komawa.

Duk abin da na faɗa zuwa nan ya shafi ɗan Legas kamar yadda ya shafi ɗan Gusau. Akwai kuma wani kaso da mu kaɗai muke biya, shi ne kuɗin nisa, kuma shi ne ya fi damuna don ba na jin ana maganarsa.

Magabata sun san da wannan matsala. A 1975 aka kafa asusun daidaita farashin mai, PEF, wanda aikinsa shi ne biyan kuɗin dakon mai zuwa wurare masu nisa, domin lita ta zama kuɗi ɗaya a Apapa da Nguru. A 1980 aka buɗe matatar Kaduna, wadda daga baya ƙarfinta ya kai ganga 110,000 a rana. Aka shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 5,000 a faɗin ƙasa, aka gina daffo-daffo a Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri da Yola da Minna da Suleja. Tsarin shi ne mai ya biyo ƙarƙashin ƙasa ya zo kusa, tanka ta ɗauka daga Hotoro ta kai Bichi ko Ringim ta dawo a wuni guda. Yau matatar Kaduna ta shafe shekaru ba ta tace komai, bututun ya zama abin fasawa da tsatsa, asusun PEF kuma dokar man fetur ta 2021 ta narkar da shi cikin sabuwar hukumar NMDPRA, sannan sakin farashi ya kawo ƙarshen daidaitawar. Abin da ya rage shi ne tanka ta taso daga bakin teku, daga Legas ko Warri ko Fatakwal ko Kalaba, ta yi tafiyar kusan kilomita dubu zuwa Kano, dubu da ɗari biyar ko fiye zuwa Maiduguri, ta koma wayam.

Ita kuwa tanka dizal take sha. Mu ƙaddara tana ɗauke da lita 45,000 na fetur, kuma zuwa da komawa ta ƙone lita dubu ta dizal. Lokacin da dizal yake naira 300, naira dubu ɗari uku ke nan, wato ƙasa da naira 7 a kan kowace litar fetur. Da ya kai 1,500, ya zama naira miliyan ɗaya da rabi, wato fiye da naira 33 a kan kowace lita, ban da taya, ban da gyaran da ramukan hanyar Mokwa da Jebba ke jawowa, ban da abin da ake miƙawa a shingaye. Saboda haka a cikin kowace litar fetur da muka saya a Arewa akwai ɗan dizal a ɓoye. A watan Fabrairun 2024 ƙungiyar masu motocin dakon mai, NARTO, ta yi shelar janye tankokinta saboda kuɗin dakon da ake biyan su ba ya fitar da su, kuma mu ne muka fara ganin layi. Yanzu ma abin ya daina zama sirri: idan aka sanar da ragin farashi, a fili ake rubuta na Legas daban, na Arewa daban.

Wani zai ce naira ashirin ko hamsin a kan lita ba ta kai abin rubutu ba, idan aka gwada da ɗari biyar ɗin da naira ta ƙara mana. Da a kan fetur kaɗai ta tsaya, da na yarda. Amma duk abin da ya shigo mana daga tashar ruwa a bayan tirela yake zuwa: sukari, fulawa, gishiri, taki, magani, ƙarfe, kayan gyara, atamfar da ke Kwari da katan ɗin da ke Singa. Duk abin da muka noma muka aika Kudu a bayan tirela yake tafiya: hatsin Dawanau, tumatirin Kadawa, albasar Aliero, shanun Potiskum da na Maigatari. A zuwa mai saye na Arewa ne ke biyan dizal ɗin, a tafiya kuwa sau da yawa manomi ne ke biya, domin ɗan kasuwa yakan cire kuɗin mota daga abin da zai taya amfanin gona. Motar noma dizal. Injinan casar shinkafa na Kura dizal. Masana'antun da suka rage a Sharaɗa da Bompai da Challawa, in wuta ta ɗauke, dizal. Gidan burodi, gidan ƙanƙara, kamfanin ruwan leda, ƙarfen sabis ɗin waya, ɗakin tiyata na asibiti, duk shi ne. Matar da ta sayi gari da ƙuli-ƙuli ta biya shi sau uku ko huɗu kafin ta ɗora tukunya, ba ta kuma taɓa ganin launinsa ba.

Ba zan manta da ƙarshen Oktoban 2024 ba. Fetur ya haura dubu, sai kuma layin wutar Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, na Ugwuaji zuwa Apir ya biyo baya, mafi yawan jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A waɗancan kwanaki kowa ya ga abin da ke riƙe da tattalin arzikinmu in an cire wutar gwamnati: janareto ne, kuma duk babban janareto dizal yake sha. Kuɗin niƙa, da na cajin waya, da na ƙanƙara, da na jarkar ruwa a wurin 'yan ga-ruwa, duk suka tashi lokaci guda. A cikin watan ne kuma, ranar 15, tankar fetur ta faɗi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, mutane suka fito kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙan su da rahama. An yi ta wa'azi a kan kwaɗayi da ganganci, kuma wa'azin yana kan hanya. Amma ban ji an tambayi me ya sa man da aka gina wa bututu tun shekarun 1970 yake ratsa tsakiyar ƙauyuka da tsakar dare a bayan mota ba.

Idan ana son a auna nauyin abin a kan ma'aikaci, ga ma'auni mai sauƙi. A 2011 mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, lita 65, wato albashin wata yana sayen lita 276. A farkon 2023, naira 30,000 a kan 185 tana sayen lita 162. Da aka mayar da shi naira 70,000 a watan Yulin 2024, lita kuma ta kai dubu bayan wata uku, sai ya koma lita 70. Albashi ya ninka kusan sau huɗu a takarda, abin da yake saye ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya yi mamakin fushin da matasa suka nuna a titunan Kano da Kaduna a zanga-zangar watan Agustan 2024, bai yi wannan lissafin ba.

Duk da haka ni ba na cikin masu cewa a dawo da tallafi yadda yake a da, kuma na san wannan ba zai yi wa wasu abokaina daɗi ba. Tallafin nan mai motoci uku a Abuja ya fi mai babur ɗaya a Kazaure cin moriyarsa, ɗan fasa-ƙwauri ya fi su duka, kuma ko a lokacin da yake da rai, tun zamanin Obasanjo bai rufe dizal ba, wanda shi ne ke ɗauke da abincinmu. Laifin da nake gani shi ne an cire shi, an kuma saki naira, cikin mako biyu, ba tare da an tanadi komai ba. Abin da nake ganin ya kamata wakilanmu da gwamnoninmu su riƙe wuya a kansa shi ne abin da zai rage nisan nan. A faɗa mana gaskiya a kan matatar Kaduna: za ta tashi, ko sayar da ita za a yi, ko ta mutu ne a yi mata sutura. A gyara bututun da ke kawo mai daffo-daffon Arewa, a tsare shi. A kammala bututun iskar gas na AKK mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa tun a tsakiyar 2020, domin ba shi da amfani a ce wa direban Kano ya mayar da motarsa mai amfani da iskar CNG alhali iskar ita ma a bayan mota za a kawo ta. A ƙarasa layin dogo na Kaduna zuwa Kano, a kuma sa shi ɗaukar kaya. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, kakanninmu sun ga gyaɗa na tafiya Legas a kansa, jikokinsu na kallon tirela. Kuɗin da ake rabawa a asusun tarayya kowane wata ya tashi daga ƙasa da naira tiriliyan ɗaya kafin cire tallafi zuwa fiye da tiriliyan ɗaya da rabi a 2025. Gaskiya ne nairar ta rage daraja, amma gwamnonin da ke karɓar kason jihohi suna da amsar da za su ba mu, kuma buhun shinkafar rabo ba amsa ba ce.

Mu 'yan jarida da marubuta ma da namu laifin. Duk wata Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da matsakaicin farashin fetur da na dizal jiha-jiha, kowa na iya dubawa a intanet. Na fetur yakan samu kanun labari, na dizal da ƙyar yake samun layi biyu a shafin ciki. Talakawa kuwa sun riga mu nemo wa kansu mafita: manoman rani da yawa sun juya injinan ban-ruwansu suna amfani da tukunyar iskar gas ta girki, masu ɗan hali sun koma sola, masu shaguna sun rage awannin kunna janareto.

Baba mai niƙa shi ma ya gwada tasa dabarar. Shekarun baya ya yi adashe ya sayi injin lantarki ya kafa a gefen tsohon, ya rufe shi da buhu saboda ƙura. In an kawo wuta da daddare, yakan taso jikansa su niƙa abin da mata suka bari, a kan rabin kuɗi. In ba a kawo ba, da safe ya ɗauki galan ya tafi gidan mai. Da na je wurinsa a makon jiya na tarar da buhun yana nan a rufe, tsohon injin yana ta ƙugi. Ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ku da kuke karanta jarida, wai da gaske ne za a tayar da ta Kaduna?" Na ce masa, "Baba, haka dai suke faɗa." Ya gyaɗa kai, ya juye wata ƙwaryar masara a bakin injin.